Wa Ya Ƙera Keken Kaka? Yadda Ake Bin Sawun Raleigh Na Jabu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a ƙauyukanmu. Duk wanda ya bi hanyar Nasarawan Doya zuwa Makarfi da sassafe zai gani da idonsa. Ga ɗalibai biyu-biyu a kan keke ɗaya suna sauri kada a rufe ƙofar makaranta, ga manomi ya ɗaure damin rake a kariya, ga mai mazarƙwaila ya nufi kasuwa. Haka abin yake a yankunan Ikara da Kudan. Kekunan da suka shekara goma a jingine a zaure an kakkaɓe su, an sa musu sabuwar taya, sun koma bakin aiki.

To amma duk lokacin da kasuwar abu ta buɗe, 'yan algus su ma sai su buɗe tasu. A wurin iyayenmu da kakanninmu babu keken da ya kai tsohon Raleigh, wanda suke kira Rali na Ingila, kuma har gobe suna yarda su ƙara kuɗi a kansa. Wannan ƙarin kuɗin ne ya sa ake ɗauko firam ɗin wani keke daban, a fesa masa baƙin fenti, a ja masa layi mai ruwan zinariya, a maƙala masa tambarin Raleigh, a kai shi kasuwa. Mai saye ya biya kuɗin doki, ya koma gida da jaki.

A wannan makon za mu duba yadda ake gano wanda ya ƙera firam, wato ƙashin keken da komai yake rataye a jikinsa. Aiki ne irin na ɗan sanda mai bincike, kuma kayan aikinsa ba su wuce tocila da rula da zare da ɗan lissafin da kuke yi a aji ba.

Me ya sa sai Raleigh?

Sunan ya samo asali ne daga wani titi mai suna Raleigh a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, inda wasu maƙera suke da ɗan ƙaramin shagon haɗa kekuna. Wani attajiri mai suna Frank Bowden ya sayi keke a wurinsu, ya ji daɗinsa, daga baya ya sayi sana'ar gaba ɗaya. Kamfanin yana ƙirga shekarunsa daga 1887. Tambarinsa kan zalɓe ne, tsuntsun nan mai dogon wuya da muke gani a fadama.

A zamanin Turawa keken ya shigo ƙasar nan, ya zama abin hawan malaman makaranta da ma'aikatan En'e da manyan 'yan kasuwa. Wata sananniyar tallarsa a Afirka ta nuna wani mutum a kan keke yana dariya, zaki na biye da shi ya kasa cim masa. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, cinikin keke ya bunƙasa ƙwarai, har aka kafa masana'antar Raleigh a Kano. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 kekunan Sin da Indiya masu sauƙin kuɗi suka mamaye kasuwa. Can Ingila ma labarin ya canza: an daina ƙera firam a Nottingham a 1999, an rufe masana'antar a 2002, sannan a 2012 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya sayi sunan.

Wannan tarihin shi ne shaidarmu ta farko. Duk wanda ya nuna muku sabon keke dal a leda ya ce yanzu aka sauke shi daga masana'antar Nottingham, to ku riƙe kuɗinku.

Kama da wane ba ta wane

Kafin mu ce abu jabu ne, sai mun rarrabe. Kekunan da ke kama da Raleigh a kasuwanninmu iri huɗu ne.

Na farko shi ne na ainihi da aka ƙera a Ingila. A nan akwai abin lura: Raleigh ya sayi wasu kamfanoni da dama, kamar Humber a 1932 da Rudge a 1943 da sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 kuma shi kansa ya shiga hannun Tube Investments, mai Hercules da Phillips. Saboda haka za a iya samun keke mai tambarin Rudge, wato tafin hannu, alhali a masana'antar Raleigh aka ƙera shi.

Na biyu shi ne wanda aka haɗa a wata ƙasa da izinin kamfanin, kamar na Kano, ko na Sen-Raleigh da aka riƙa yi a Asansol ta Indiya tun shekarun 1950. Wannan halastacce ne, ko da bai taɓa ganin Ingila ba.

Na uku shi ne mai kwaikwayon siffa amma yana ɗauke da sunansa. A nan ne Phoenix na Shanghai yake, da Flying Pigeon na Tianjin da aka fara a 1950, da Hero na Ludhiana da aka kafa a 1956. Duk sun ɗauki fasalin tsohon keken Ingila: ƙafa mai inci 28, birkin sanda, doguwar kariya. Babu ha'inci a nan, domin ba su ce su wani ba ne.

Na huɗu shi ne jabu: an ɗauki ɗaya daga cikin na ukun, ko wani marar suna, an lulluɓe shi da sunan da ba nasa ba don a ci kuɗin mutane. Shi muke farauta.

Ku lura kuma, keken da ya shekara arba'in yana aiki an canza masa kusan komai: taya, sarƙa, feda, sirdi, wani lokaci har ƙafafun. Don haka ganin fedar Indiya a jikin keke ba ya nuna jabu ne, haka nan ganin sirdin Ingila ba ya nuna na ainihi ne. Firam ake tuhuma.

Tambari da abin da ke bayansa

Tambari shi ne abin da ido ya fara kaiwa, shi ne kuma mafi sauƙin sata. A tsofaffin kekunan Raleigh faranti ne na ƙarfe da aka daddale a wuyan keke da 'yan ƙusoshin ribit, an rubuta sunan Nottingham da Ingila a ƙasansa. Da yawa daga cikin waɗanda aka haɗa a wasu ƙasashe ba su da wannan rubutu. Idan kun ga tambarin leda ne aka manna, ko an ɗaure shi da sukuru, ko gam ya fito ta gefensa, to ku fara zargi.

Amma mai wayo yakan ciro tambari na gaske daga mataccen keke a wurin 'yan gwangwan. Maganin wannan shi ne a leƙa ta ciki. A sa mai gyaran keke ya zare fok, a haska tocila cikin bututun wuyan. Kowane kamfani da tazarar da yake bari tsakanin ramukan ƙusoshinsa. Idan aka ga ƙarin ramuka da aka toshe da walda ko da abin cike mota, wani tambari ya taɓa zama a wurin. Tazarar tsofaffin ramukan ma tana taimakawa: a auna ta, a gwada da ta Phoenix ko Hero da ke kusa.

Fenti shi ma yana da baki. Mai fesa sabon fenti ba ya kaiwa cikin bututu, ba ya kaiwa sandar fok da ke ɓoye a cikin wuya. A can ake ganin launin farko. Sannan idan aka shiga ɗaki mai duhu aka haska tocila a karkace a jikin firam, sau da yawa inuwar tsohon rubutu takan fito a ƙarƙashin sabon fenti, kamar yadda rubutu yake fitowa a shafi na biyu idan an danna biro.

Lambar jiki

Kusan kowane kamfani yana buga wa firam lamba. A nemi ta Raleigh a ƙarƙashin gidan da sandar feda take juyawa a ciki, wanda za mu kira gidan feda, ko a jikin bututun da sandar sirdi take shiga, ko a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya.

Daga wajen 1974 Raleigh ya fito da tsari guda: haruffa biyu, sai lambobi. Harafin farko yana nuna masana'anta. N na nufin Nottingham, W na nufin Worksop, inda aka riƙa ƙera kekunan tsere a da, M Malesiya, R Kanada, D kuma Dublin ta ƙasar Ayalan. Harafi na biyu yana nuna lokacin da aka yi shi a cikin shekara. Lambar farko da ta biyo baya ita ce lambar ƙarshe ta shekarar. Wato idan aka ga N a farko, lambar farko kuma 5, to keken Nottingham ne na 1975 ko 1985, sai a duba sauran alamu a raba gardama.

Kekunan da suka girmi 1974 suna da wasu tsare-tsaren daban, saboda haka rashin wannan tsari shi kaɗai ba ya kashe magana. Abin dubawa shi ne yadda aka buga lambar. Ta masana'anta ana buga ta kafin fenti, sai fentin ya kwanta a cikinta. Wadda aka buga jiya a bayan shago takan fasa fenti, haruffan su karkace, wani ya nutse wani ya taso. Idan kuma wurin ya yi sumul fiye da kewayensa, ko ya ɗan lotsa, an goge wata lamba ke nan. Za mu dawo kan wannan, domin ya wuce maganar jabu.

In keken mai giya uku ne, a goge cibiyar ƙafar baya. A da kamfanin Sturmey-Archer yakan buga shekara da wata a jikinta, misali 74 da 6, wato Yunin 1974. Sai dai ku tuna ƙafa ana canza ta, don haka wannan shaida ce mai tallafawa kawai.

Zaren da ba ya ƙarya

Yanzu mun zo kan shaidar da ta fi wahalar sata. A cikin gidan feda akwai zare, irin wanda ke jikin noti, inda ake murɗa kofunan da ke riƙe da boris. Yawancin kamfanonin da suka bi tsarin Ingila suna yanka zare 24 a kowane inci. Masana'antar Nottingham kuwa ta daɗe tana amfani da nata na kanta, zare 26 a inci, a gidan feda da kuma a wuyan fok.

Mu yi lissafi. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan aka raba shi 24, tazarar zare da zare ta kama kusan milimita 1.06. Idan aka raba shi 26, ta kama kusan 0.98. Bambancin bai kai kaurin takarda mai kyau ba, ido ba zai gani ba, amma hannu zai ji. Idan aka ɗauko kofin keke na gama-gari aka murɗa a gidan fedar Raleigh na Nottingham, zai shiga zagaye biyu ko uku, sai ya cije. Tsofaffin masu gyaran keke sun san wannan tun kafin a haife mu, shi ya sa suke adana tsofaffin kayan Raleigh a gwangwani daban. Gargaɗi: da ya cije a dakata. In aka sa ƙarfi da sifana, zaren zai mutu, an kashe shaida an kuma lalata keke.

Faɗin gidan fedar ma shaida ne, kuma rula ta isa. Na gama-gari milimita 68 ne. Na Nottingham yakan kai 71, a wasu manyan kekuna masu rufaffen gidan sarƙa har 76. Mai jabu zai iya sayen fenti da tambari, amma ba zai sake yanka zare ko ya ƙara faɗin ƙarfe don ribar keke ɗaya ba.

Sai a duba kafaɗar fok, inda ƙafafunsa biyu suka haɗu. A Raleigh da yawa bututu ne a kwance, an toshe bakinsa biyu da wasu 'yan murafu masu ƙyalli da suka lotsa ciki. Wasu kamfanoni sun kwaikwayi wannan, don haka a haɗa shi da sauran shaidu.

Yadda aka haɗa gaɓoɓi

Tsohon firam ba a yi masa walda irin ta ƙofar gida ba. Ana zura bakin bututu ne a cikin wani soket na ƙarfe, kamar yadda mai gyaran famfo yake haɗa bututun ruwa, sai a zafafa wurin a narka jan ƙarfe mai ruwan rawaya ya kwarara ya cike tsakani. Wannan ƙarfen yana narkewa a wajen digiri 900 a ma'aunin Selsiyos, shi kuwa baƙin ƙarfen firam sai zafi ya kai wajen 1,500. Saboda haka ana haɗa su ba tare da an ƙona bututun ba.

A duba bakin kowane soket. Aikin kirki ba ya barin rami ko giɓi. Idan farce yana shiga tsakanin soket da bututu, jan ƙarfen bai cika ba, kuma nan ne firam zai fara buɗewa ranar da aka ɗora masa buhun taki biyu. Siffar soket ɗin ma tana nuna gida, domin kowace masana'anta da irin yankanta. A jera keken da ake tuhuma da wani da aka tabbatar da asalinsa, a dubi gaɓa da gaɓa. Gani ya kori ji.

Keken tsere da cinikin suna

A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan, waɗanda ake samu a Sabon Garin Zariya da Kano, wani lokaci akan ci karo da tsohon keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. A Turai da Amurka irin waɗannan suna da masu tara su, kuma a can ne cinikin jabun firam ya fi tsada.

Wani labari na gaske zai nuna muku yadda suna yake yaudara. A ranar 25 ga Oktoba, 1972, shahararren ɗan tseren Beljiyam Eddy Merckx ya kafa tarihi a birnin Meziko, inda ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin awa ɗaya. Maƙerin Italiya Ernesto Colnago ne ya ƙera masa keken, wanda nauyinsa bai kai kilo 6 ba. Amma sunan Merckx ne a jikin firam ɗin, kuma kafin a fara aka manna masa sitikar Windsor, wani kamfanin kekuna na Meziko. Duniya ta ga hotuna da sunan Windsor, ran Colnago ya ɓaci. Keke ɗaya, sunaye biyu a jikinsa, maƙerinsa kuma na uku.

Shi wannan Windsor ya yi wani keken tsere da ya yi kama ƙwarai da Cinelli na birnin Milan, wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Shekaru bayan haka wasu suka riƙa kankare sunan Windsor suna manna na Cinelli. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suke kama su ita ce awon sandar sirdi: tsohon Cinelli yana ɗaukar mai kaurin milimita 26.2, na Meziko kuwa tasa ta fi haka kauri.

Wannan awon yana da amfani a wurinmu ma. Bututun da sandar sirdi take shiga, a yawancin tsofaffin kekuna, kaurinsa ta waje milimita 28.6 ne. Firam ɗin tsere da aka yi da bututun Reynolds 531, wanda aka fara fitarwa a 1935, yakan ɗauki sanda mai 27.2. A cire 27.2 daga 28.6, a raba biyu: kaurin bangon bututun kusan milimita 0.7 ke nan. Keken ɗaukar kaya mai sanda 25.4 kuwa, lissafin zai ba da 1.6, fiye da ninki biyu. Ƙarfe mai inganci ne kaɗai ake iya sirantawa haka ya riƙe mutum. Don haka idan an manna sitikar Reynolds 531 a firam amma sandar sirdinsa 25.4 ce, sitikar ta yi ƙarya. Irin waɗannan sitikun ana sayar da sababbinsu a intanet. A roƙi malamin Fiziks aron baniya kalifa, minti biyu ya isa.

Zare ma yana nuna ƙasa. Gidan fedar Italiya faɗinsa milimita 70 ne, kuma kofunansa biyu duk ta dama ake ɗaure su. A tsarin Ingila kofin ɓangaren sarƙa ta hagu ake ɗaure shi. Firam mai sunan Italiya da zaren Ingila yana da tambayar da zai amsa.

Mu gwada tare

Mu ƙaddara an kawo wani baƙin keke ranar kasuwar Makarfi, da kan zalɓe a wuyansa, mai shi yana rantsuwa na Ingila ne. Mun auna gidan feda, 68. Mai gyara ya gwada kofin gama-gari, ya shige har ƙarshe ba gardama. Lambar jiki ba ta bi tsarin Raleigh ba. Mun leƙa cikin wuya, ga ramuka biyu da aka toshe. Sandar fok kuma kore ce, alhali keken baƙi ne.

Shaidu biyar sun haɗu a kan cewa ba a Nottingham aka ƙera shi ba, kuma an canza masa tambari da launi. Saura tambaya ta biyu: wa ya ƙera shi? Sai mu ɗauki tazarar tsofaffin ramukan, da siffar soket, da wurin da aka buga lamba da tsarinta, mu zaga wurin masu gyara muna gwadawa da kekunan da ba a taɓa ba. Idan duk suka dace da Phoenix, mun gano gidansu. Idan suka dace da kekunan Indiya da yawa a lokaci guda, sai mu tsaya a cewa ɗan Indiya ne, domin masana'antun Ludhiana da dama suna sayen kayan haɗi daga wuri ɗaya. Ƙa'idar ita ce kada hukunci ya wuce inda shaida ta tsaya, kuma shaida ɗaya ba ta isa a ce wa mutum maha'inci. Sau da yawa mai sayarwar shi ma haka aka sayar masa.

Abin da ya fi kuɗi

Wani zai ce, in dai keke yana tafiya, ina ruwana da wanda ya ƙera shi? Akwai ruwanka ta hanya uku.

Ta farko kuɗi. Phoenix na gaskiya keke ne mai amfani, a saye shi a kuɗin Phoenix. Uban da ya sayar da buhun masara don ya saya wa 'yarsa keken zuwa makaranta bai kamata ya biya kuɗin sunan da ba ya nan ba.

Ta biyu lafiya. Sabon fenti yana rufe suna, yana kuma rufe tsaga. A shafa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa gidan feda, dab da wuyan. Idan an ji ƙulli ko tattara, keken ya taɓa yin karo ta gaba, ƙarfen ya raunana. Sannan a ɗaura zare a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ta dama, a zagayo da shi ta wuyan keke, a dawo da shi ta hagu. A auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In ba su zo daidai ba, firam ya karkace. Fok da ya karye a gangara da kaya a baya ba ƙaramin hatsari ba ne.

Ta uku doka. Lambar da aka goge alama ce babba ta kayan sata, kuma karɓar kayan da mutum ya san na sata ne laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Jihar Kaduna. Kada arha ta ruɗe ku. A yi ciniki a gaban dillalin da aka sani da shaidu, a rubuta takarda da lambar firam a ciki. Sayar da kaya da tambarin ƙarya shi ma laifi ne a dokokin ƙasa. Hukumar SON, da aka kafa a 1971, ita ke sa ido kan ingancin kaya, hukumar FCCPC kuma tana karɓar koken masu saye.

Aikin wannan mako

Akwai wata asarar da ba a cika magana a kanta ba. Yayin da wasu ke sayen jabu da tsada, wasu suna sayar da na ainihi ga 'yan gwangwan a kan kuɗin kilo, don kawai ya yi tsatsa. Tsatsar sama ana goge ta. Firam ɗin da ya ɗauki rake shekara arba'in bai karye ba zai iya kai ƙaninku makaranta wasu shekarun.

Saboda haka, ƙannenmu, ga aiki. Ku nemi izinin Baba ko Kaka, ku fito da tsohon keken gidanku rana. Ku rubuta lambar jikinsa da inda kuka same ta. Ku auna faɗin gidan feda da kaurin sandar sirdi. Ku zana tambarin. Sannan ku zauna ku tambayi mai shi: a wace shekara ya saya, a wane gari, nawa, kuma me ya sayar ya saya? Ku kai abin da kuka samu wurin dattijon mai gyaran keke na unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku ji nasa bayanin. Ku adana takardar a gida, domin ko ba komai, ranar da aka sace keken, lambar nan ce za ta dawo muku da shi.